Yadda ake binciken zaɓen sana'a da riƙo da ita tsakanin ma'aikata

Ma'aikacin da ya shekara 20 a kujera ɗaya bai zama lallai yana son aikinsa ba. Wani ƙaunar aikin ce ta zaunar da shi, wani ya duba hagu da dama bai ga wurin zuwa ba, wani kuma nauyin wanda ya yi masa hanya yake ji. Da yawa daga cikin kundayen digiri da ake rubutawa kan wannan batu a nan suke yin tuntuɓe: sai a auna daɗewa a wurin aiki, a kira shi sadaukarwa. Wannan jagora ta ɗalibin digiri na biyu ce, da jami'in kula da ma'aikata, da mai ba da shawara kan aiki, duk wanda ke son sanin yadda manyan da suka riga suka kama aiki suka shiga sana'arsu da abin da ke riƙe da su. Za mu yi misali da malaman firamare na ƙaramar hukuma ɗaya, amma tsarin zai yi wa ma'aikatan jinya ko na banki.

Mataki na farko: ka tantance riƙo da me, kuma wane iri

Abu uku ne mutum zai iya riƙewa, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai kujerar da yake kai yanzu, akwai ma'aikatar da ke biyansa, akwai sana'ar kanta. Ma'aikaciyar jinya na iya ƙosawa da asibitin da take ciki alhali ba ta taɓa tunanin barin jinya ba. Idan tambayoyinka sun cakuɗa "wannan makaranta" da "koyarwa", ba za ka san wanne aka amsa maka ba. Ka zaɓi ɗaya ka rubuta shi a taken aikinka, ko ka auna biyu a sassa daban.

Sai nau'in riƙon. John Meyer da Natalie Allen, masu bincike a Kanada, sun raba shi gida uku a 1991, sannan a 1993 su da Catherine Smith suka gwada rabon a kan sana'a, da ma'aikatan jinya da ɗalibanta. Na farko riƙon ƙauna: ina nan don ina so. Na biyu riƙon lissafi: ina nan don barin zai ci mini tsada. Na uku riƙon nauyi: ina nan don ya kamata in zauna. Da Meyer da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike masu yawa a 2002, sun ga duka ukun suna rage niyyar barin aiki, amma riƙon ƙauna ne ya fi tafiya da zuwa aiki a kai a kai da yin sa da kyau. Riƙon lissafi ko dai ba ruwansa da ingancin aiki, ko ma ya ja shi baya. Saboda haka hukumar da ke murna cewa malamanta ba sa tafiya tana iya zama tana murna da abin da ya kamata ya dame ta.

Riƙon lissafi yana bukatar kulawa ta musamman a Najeriya. Tun 1960 Howard Becker ya nuna cewa mutum kan tara abubuwa a wurin aiki waɗanda zai yi asararsu in ya tafi: shekarun hidima, matakin albashi, fansho, gidan da ya gina a garin. Tsarin fansho na adashe da aka kawo a 2004 aka sabunta a 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 na albashi, mai aiki kuma kashi 10, yana bin mutum duk inda ya koma. Amma jihohi ba su ɗauke shi bai ɗaya ba. Malamin da ke tsohon tsari, wanda garatutinsa ya dogara da cika shekaru, ya fi ɗaure da wanda asusunsa ke hannunsa. Ka sa tambaya ɗaya kan wane tsarin fansho mutum yake, in ba haka ba za ka ga bambanci tsakanin ma'aikata ka jingina shi ga abin da ba shi ba ne. Haka kuma dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki ta sauya lissafin ɗan shekara 55; ka bincika ko jiharka ta fara aiki da ita.

Mataki na biyu: yadda ake tambayar zaɓe da jagoranci

Ra'ayoyin da ake koyarwa a aji sun ginu ne kan cewa mutum yana da abin zaɓa. Frank Parsons na Boston, a littafinsa da ya fito a 1909, ya ce ka san kanka, ka san ayyukan da ke akwai, ka haɗa biyun da hankali. John Holland ya raba mutane da wuraren aiki gida shida, ya ce gamsuwa tana zuwa in halin mutum ya dace da wurin. Duk suna da amfani. Sai dai wanda ya shiga kwalejin ilimi don makinsa na JAMB bai kai shi jami'a ba, ko wadda mahaifinta ya ce koyarwa ce kaɗai ya yarda ta yi, tambayar "me ya sa ka zaɓi wannan sana'a" ba ta same su ba. Za su amsa, don mutane ba sa son barin gurbi babu komai, amma amsar za ta zama abin da ya dace a faɗa.

Abin da ya fi shi ne ka tambayi hanya, ba dalili ba. Ka jera hanyoyin shiga, mutum ya nuna wadda ta fi kusa da tasa: na nema da kaina tun farko, ita ce gurbin karatun da na samu, iyaye ko miji suka zaɓa mini, wani ya samo mini, na kama ne kafin in sami wani, na taso na tarar ana yi a gida. Ka bar layi na "wata hanya daban". Sannan ka tambayi abubuwan da suka faru waɗanda ba a cika mantawa ba: wane kwas ka cike a farko, ayyuka nawa ka nema kafin wannan, wata nawa ka zauna ba aiki, ka taɓa neman wani aikin bayan ka kama wannan. Dalilin wannan shi ne ƙwaƙwalwa tana gyara labari. Wanda ya ji daɗin aiki daga baya yakan tuna cewa tun yana yaro yake so, wanda ya sha wuya kuma yakan tuna cewa tilasta masa aka yi.

Jagoranci ma haka. "Ka taɓa samun shawara kan aiki? E ko a'a" tambaya ce marar amfani. Ana danganta farkon wannan hidima a Najeriya da 1959, a kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a samar da masu ba da shawara a makarantu, amma ma'aikaci da yawa ya gama sakandare bai taɓa zama da ɗaya ba. Shawarar da ya samu daga kawu ce, ko malamin aji, ko maigidan da ya koya masa aiki. Ka tambayi wa ya ba da ita, yaushe, sau nawa. Sai ka tambayi abin da ke cikinta. Steven Brown da Nancy Ryan Krane, a 2000, sun tattara bincike kan shirye-shiryen taimaka wa mutane zaɓen sana'a, suka fitar da abu biyar da ke sa shirin ya yi tasiri: a sa mutum ya rubuta tsarinsa da hannunsa, a yi masa bayani na kansa shi kaɗai, a ba shi sahihin labarin ayyuka, a haɗa shi da wanda ya riga ya bi hanyar, a taimaka masa ya sami masu mara masa baya. Sun kuma ga tasirin yana ƙaruwa sosai in aka haɗa biyu ko uku. Ka mayar da kowanne tambaya guda. Ka dai tuna yawancin waɗancan bincike a kan ɗalibai aka yi su, don haka abin gwadawa ne a kan ma'aikata, ba hukunci ba.

Tambayoyi biyu da fom ɗin da aka ɗauko daga waje ba su da su, kuma rashinsu na ɓata sakamako: sana'a ta biyu, da iyali. Malamin da ke noma, ko kiwo, ko yana da shagon POS, zuciyarsa na iya kasancewa can, albashi kuwa rufin asiri ne. Ka tambayi awa nawa yake ba ta a mako, kuma wanne ya fi kawo kuɗi. Ga mata, ka tambayi ko aure ko haihuwa ko canjin gari ya taɓa katse aikin.

Mataki na uku: mutum nawa, kuma su waye

Ka fara da samun cikakken jerin sunayen ma'aikata daga ofishin sakataren ilimi. Takardar biyan albashi ta watan da ya wuce ta fi tsohuwar rajista, ko da yake ita ma takan ƙunshi waɗanda aka tura wani wuri. A ce malamai 1,200 ne. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, mai nuna mutum nawa ya kamata a tambaya, ya ba da 291. Lissafin Yamane da kuskuren kashi 5 ya ba da 300. Wannan adadin takardun da suka dawo a cike ne, ba waɗanda aka raba ba. In kana sa ran bakwai cikin goma za su dawo, ka raba 291 da 0.7, wato ka buga kusan 416.

Akwai wani lissafin da ake yawan tsallakewa. Alaƙar da ake samu a wannan fanni ba ta da ƙarfi: tsakanin dacewar hali da aiki da kuma gamsuwa, misali, abin da aka saba gani yana wajen 0.2, a ma'aunin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa. Don gano alaƙa mai wannan girman da tabbacin kashi 80, kana bukatar mutum kusan 194. In ta kai 0.3, kusan 85 sun isa. Manhajar G*Power kyauta ce, tana yin wannan cikin minti ɗaya. Matsalar tana fitowa ne lokacin da mai mutum 300 ya fara yanka su: maza da mata, birni da ƙauye, matakin albashi huɗu. Nan da nan wani rukuni ya koma mutum 11, kuma ba abin da za a iya faɗa a kansa. Ka yanke shawarar kwatancen da za ka yi kafin ka fita, ka tabbatar kowane rukuni zai sami aƙalla 30, gara ma 50.

Wajen zaɓa, ka raba jerin bisa abin da ya fi muhimmanci, a ce jinsi da matakin albashi, sannan ka ciro sunaye da ƙuri'a daga kowane kashi gwargwadon yawansa. In kuɗin mota ya sa dole ka zaɓi makarantu maimakon mutane, gara makarantu 40 da mutum 10 a kowacce da makarantu 10 da mutum 40, domin malaman da ke ƙarƙashin hedimasta ɗaya amsoshinsu kan yi kama. Tura fom ta zauren WhatsApp na malamai ba zaɓen ƙuri'a ba ne. Matasa masu babbar waya da masu ƙorafi ne za su cika, kuma in haka ka yi, ka faɗa a rahoto.

Mataki na huɗu: takardar tambayoyi

Kada ka ƙirƙiri ma'aunin riƙo da kanka alhali akwai gwadaddu. Na Meyer da Allen da Smith jimla 18 ne, shida ga kowane nau'i. Na Carson da Bedeian na 1994 jimla 12 ne, yana auna ɗaukar sana'a a matsayin wani ɓangare na kai, da tsara gaba, da jure wahala. Na Gary Blau na 1985 ya fi su gajarta, amma ba ya rarrabe nau'i. In kana son sanin shirin mutum na fuskantar sauyi, akwai na Savickas da Porfeli na 2012 mai jimla 24. Ka nemi izinin masu shi kafin ka yi amfani da kowanne. Guda ɗaya na riƙo ya isa. Takardar da ta wuce minti 20 ana cika ƙarshenta ne da ka.

In za a amsa da Hausa, mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, na uku ya kwatanta, kamar yadda Brislin ya tsara a 1970. Wannan yana kama kuskuren ma'ana amma ba ya kama jimlar da ta yi daidai a takarda ta yi nauyi a kunne. Don haka ka zauna da ma'aikata biyar zuwa takwas, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta jimla ya faɗa maka da bakinsa abin da ya fahimta. Ka sa ido kan jimlolin da aka juya da korewa, irin "ba na jin cewa...", domin ƙin yarda da korewa yana rikita mutane, kuma su ne suka fi lalata ma'auni.

Sai gwajin share fage da mutum 30 zuwa 50 daga wata ƙaramar hukuma mai kama da taka. Ka lissafa alfa na Cronbach, lambar da ke nuna ko jimlolin ma'auni suna tafiya tare, ga kowane nau'i daban, kana neman 0.70 zuwa sama. Alfa guda ɗaya na dukkan takardar, wanda ake yawan gani a babi na uku, ba ya nuna komai, don yawan jimloli kaɗai na ɗaga shi.

Mataki na biyar: fita fili

Takardar gabatarwa daga sashenka, izinin kwamitin ɗa'ar bincike, izinin hukuma a rubuce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka: kada ka karɓi suna ko lambar fayil, ka kuma bayyana wa kowa cewa yana da damar ƙin amsawa.

Babban abin da ke ɓata wannan bincike shi ne a ba shugaba takardun ya raba ya tattara. Babu malamin da zai rubuta cewa yana neman hanyar fita a takardar da za ta bi ta teburin hedimasta. Ka raba da kanka ko ta mataimaki da ba ma'aikacin wurin ba, kowa ya saka tasa a ambulan ya manne, ya jefa a kwali. In da waya ne, manhajar cike fom ta KoboToolbox tana aiki ba intanet, amma a miƙa wa mutum wayar ya danna sashen riƙo da kansa.

Lokaci ma yana da tasiri. Kada ka shiga ana tsakiyar tantance ma'aikata, domin za a ɗauke ka ɗan leƙen asirin masu neman ma'aikatan bogi, kowa ya zama mai ƙaunar aiki. Makon da albashi ya makara, ko aka fitar da jerin ƙarin girma, ko ana shirin yajin aiki, zai ja amsoshi gefe guda. Ka rubuta ranar da aka cike kowace takarda, ka gama tattarawa cikin mako huɗu zuwa shida.

Mataki na shida: waɗanda suka tafi

Duk wanda ka samu a makaranta wanda ya zauna ne. Waɗanda suka fi rashin riƙo sun riga sun koma kasuwa ko wata hukuma, kuma babu su a jerinka. Wannan ne ya sa kusan kullum ake ganin tsofaffin ma'aikata sun fi sababbi riƙo, sai a ce shekaru ne ke kawo shi, alhali tacewa ce ta faru. Ba za ka iya gyara wannan da lissafi ba. Abin da za ka iya shi ne ka nemo mutum 12 zuwa 15 da suka bar sana'ar cikin shekara biyar da suka wuce, ta hanyar tsofaffin abokan aikinsu, ka yi hira da su, ka kuma yi da kwatankwacinsu cikin waɗanda suka zauna. Adadin ba na son rai ba ne: Guest da abokan aikinsa, a 2006, sun nazarci hira 60 da aka yi da mata a Ghana da Najeriya, suka ga kusan duk manyan jigogi sun bayyana cikin 12 na farko, in rukunin mutanen iri ɗaya ne.

A hirar za ka ji "haka Allah ya so" da "alhamdu lillahi" da "da babu gara ba daɗi". Kada ka rubuta su a matsayin gamsuwa ko rashinta, kuma kada ka yi gardama. Ka ce, "Haka ne, malam. To a ranar da takardar ta fito, wa ya fara sanar da kai?" Daga nan labarin yake fitowa. Tambayar da ta fi tono gaskiya ita ce ta 'ya'ya: "In ɗanka ya ce wannan aikin zai yi, me za ka ce masa?" Ka ware awa huɗu zuwa shida don rubuta kowace awa ɗaya ta murya.

Mataki na bakwai: lissafi

Ka ba kowace takarda lamba, ka shigar a manhajar lissafi ta SPSS ko jamovi, wani ya sake duba ɗaya cikin goma. Ka ware waɗanda aka bar fiye da kashi ɗaya cikin biyar babu amsa, da waɗanda aka bi layi ɗaya daga sama har ƙasa, ka faɗi nawa ne. Ka juya jimlolin korewa kafin komai: a ma'auni mai hawa bakwai, wato inda ake amsawa daga 1 zuwa 7, ka cire amsar daga 8, a mai hawa biyar, daga 6.

Kada ka tara nau'o'in uku su zama maki guda. A ma'auni mai hawa bakwai, malama mai 36 a ƙauna, 12 a lissafi, 24 a nauyi tana da 72. Malami mai 12 a ƙauna, 36 a lissafi, 24 a nauyi shi ma 72. Ita tana son ajin, shi jiran fansho yake, jimlar kuma ta mai da su tagwaye. Haka al'adar nan ta cewa duk matsakaicin da ya kai 2.50 a ma'auni mai hawa huɗu "an yarda": rabin mutane na iya kasancewa a can sama, rabi a can ƙasa. Ka nuna kashi nawa ne a kowane hawa.

Sai ka gwada kowane nau'i daban da lissafin regression, mai auna alaƙar abubuwa da yawa da abu guda, kana sa shekaru, jinsi, matakin albashi, tsarin fansho da sana'a ta biyu a zubin farko, hanyar shiga da jagoranci a na biyu, don ka ga abin da suka ƙara. Shekarun haihuwa da shekarun aiki suna tafiya tare ƙwarai. In VIF, lambar da ke nuna yadda suka cakuɗe, ya haura 5, ka cire ɗaya. Ka ba da girman alaƙa, ba ko ta tsallake iyakar 0.05, da ake gane ko alaƙar ba dace kawai ba ce, kaɗai ba.

Tunda mutum ɗaya ne ya amsa komai a zama ɗaya, wani ɓangare na alaƙar daga yanayin ransa na ranar yake. In da hali, ka raba takardar biyu da tazarar mako uku ko huɗu, ka haɗa su da lambar sirri da mutum ya ƙirƙira wa kansa, misali haruffa biyu na farkon sunan mahaifiyarsa da ranar wata ta haihuwarsa. In ba hali, ka rubuta "yana da alaƙa da", kada ka rubuta "yana jawo". Wanda ya nemi shawara tun farko wataƙila dama can shi ne mai himma.

Shawarwarin babi na biyar su fito daga nau'in da ka samu. In riƙon lissafi ne ya yi yawa kuma na ƙauna ya yi ƙasa a tsakanin masu shekara 10 zuwa 20 a aiki, abin da za ka ba hukuma shi ne zaman duba makoma ga wannan rukuni, da hanyar sauya fanni a cikin gida, da ƙarin girma a kan lokaci. In sababbin da suka shiga "kafin a samu" ne ke da niyyar tafiya, sai a haɗa kowanne da gogaggen malami a shekara biyu ta farko. Ka kai wa sakataren ilimi da reshen ƙungiyar malamai taƙaitaccen bayani na shafi biyu, ba tare da sunan makaranta ba a duk inda masu amsa ba su kai goma ba.